Farin Magi, Kalar Lemo da Haihuwar Namiji: Shin Zogale da Citta Suna Ba da Kariya? Tambayoyi da Amsoshi

Saƙonni iri biyu suna yawo a wayoyin mutane. Ɗaya na cewa farin magi da lemon kwalba suna kashe wa maza haihuwa, ɗayan na cewa zogale ko habbatus sauda suna wanke wannan illar tas. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke turo su, da lambar wayarsa a ƙasa don mai son saye. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu, da abin da bincike ya nuna.

Wai da gaske ne farin magi yana hana namiji haihuwa?

A jikin ɓera, idan aka ba shi da yawa, an ga illa. A jikin ɗan'adam kuwa, da gwargwadon abin da ake barbaɗawa a miya, babu binciken da ya tabbatar da haka.

Farin magi gishirin gulutamet ne. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya fara tace shi daga ciyawar teku a 1908, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909. Shi gulutamet ɗin ba baƙon abu ba ne ga cikinmu. Yana cikin tumatir, da nama, da nonon uwa, kuma shi ne babban abin da ke ba daddawa ɗanɗanonta, domin idan kalwa ta ruɓa furotin ɗinta yana warwarewa ya saki gulutamet. Wanda mutum ya ci ta baki, ƙwayoyin hanji ne ke ƙone mafi yawansa don samun kuzari, kaɗan ne ke kaiwa cikin jini.

Tsoron ya samo asali ne daga 1969, lokacin da John Olney a Amurka ya yi wa jariran ɓeraye allurar wannan sinadari a ƙarƙashin fata. Wani sashe na ƙwaƙwalwarsu da ke sarrafa sinadaran haihuwa ya lalace, suka yi ƙiba, matan cikinsu suka kasa haihuwa. Amma a lura: allura ce, a jikin jariri, ba ta bi ta hanji ba. Magidanci mai shan miyar kuka wani lamari ne daban.

Duk da haka ba a bar ƙofa a buɗe ba. A 2017 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyaka: miligiram 30 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ga mai nauyin kilo 70, giram 2 da ɗan ɗoriya ke nan. Wanda ya karya da taliyar leda da duk garin da ke cikinta, ya ci shinkafar mai abinci da rana, ya sha miya mai dunƙule huɗu da dare, yana iya kusantar wannan iyaka ba tare da ya sani ba.

Ban da magi, waɗanne sinadarai ake zargi?

Waɗanda suka fi fitowa a binciken dabbobi su ne tatarazin, wato kalar rawaya ta lemo da alewa da ake rubuta wa E102. Sodiyam benzowet, E211, mai hana lemo da miyar kwalba lalacewa. Asfatem, E951, mai zaƙi a lemon da ake cewa ba sukari. Naitirait na naman gwangwani da tsiran Turawa. Da farar kala ta E171, wadda Tarayyar Turai ta hana sa wa a abinci tun 2022 saboda an kasa kawar da shakkun cewa tana taɓa ƙwayoyin gado. Waɗannan lambobi suna nan a bayan kwalba ko leda, cikin ƙananan rubutun da ba wanda ke karantawa.

Ta yaya abin da mutum ya ci zai je ya taɓa maniyyi?

Jiki yana amfani da iskar oksijin wajen ƙone abinci, kuma a cikin wannan aiki ana samun wasu ɓurɓushin oksijin masu zafin nama, da ke far wa duk abin da suka taras, ko kitse ne, ko furotin, ko ƙwayar gado. Jiki yana da nasa sinadaran da ke kashe musu kaifi, yana kuma samun ƙari daga abinci, irin su bitamin C da E da launukan da ke cikin ganye da 'ya'yan itace. Su ake kira antioksidan. Idan masu ɓarna suka rinjayi masu kariya, sai ƙwayoyin jiki su fara lalacewa. Abin da ke faruwa da man gyaɗan da aka bari a buɗe cikin rana har ya canza wari, shi ne ke faruwa da kitsen da ke jikin ƙwayar halitta.

Ƙwayar maniyyi ta fi sauran rauni a nan saboda dalili biyu. Fatarta cike take da kitse mai laushi wanda ke saurin lalacewa, sannan lokacin da take girma tana zubar da kusan duk ruwan cikinta don ta yi sauƙin iyo, alhali a cikin wannan ruwa ne sinadaran kariya suke zama. Sai ta dogara da ruwan maniyyin da ke kewaye da ita. Idan ɓarnar ta yi yawa, wutsiyarta tana rage motsi, ƙwayar gadon da ke kanta tana tsinkewa. Tun 1943 John MacLeod ya nuna cewa maniyyin ɗan'adam yana daina motsi idan oksijin ya yi masa yawa, daga baya John Aitken da abokan aikinsa suka faɗaɗa binciken a shekarun 1980. Wannan ɓangaren ba a jayayya a kansa.

Akwai kuma wani abu da masu talla ba sa faɗa. Ƙwayar maniyyi tana buƙatar ɗan kaɗan na waɗannan ɓurɓushin kafin ta iya huda ƙwan mace. Share su gaba ɗaya ba alheri ba ne.

Na karanta cewa an gwada zogale da citta a jami'a, an ga sun yi kariya. Ƙarya ne?

Ba ƙarya ba ne, sai dai a san irin gwajin. Jami'o'in Najeriya da Masar da Iran da Indiya sun buga irinsa da yawa, kuma kusan tsarinsu ɗaya. Ana kawo fararen ɓeraye maza, a raba su rukuni-rukuni, biyar ko shida ko goma a keji. Rukuni na farko ruwa kawai ake ba su. Na biyu ana ɗura musu sinadarin ta bututu har cikin ciki kowace safiya. Na uku ana ba su sinadarin tare da tataccen ruwan zogale, ko citta, ko kurkum, ko man habbatus sauda. Bayan makonni huɗu zuwa takwas sai a yanka su, a auna nauyin 'ya'yan maraina, a ƙirga maniyyi a ƙarƙashin madubin likita, a duba sinadarin maza a jini, a yanka naman siriri a ga yadda bututun da ke ƙera maniyyi suke. Sakamakon da aka saba gani shi ne rukuni na biyu sun lalace, na uku sun fi su dama.

Wannan ya nuna cewa tsirran suna da sinadarai masu aiki. Amma a duba yawan abin da ake ɗurawa. A wasu gwaje-gwajen farin magi ana kaiwa giram 4 ga kowane kilo na nauyin ɓera. Idan aka yi lissafin kai tsaye ga mutum mai kilo 70, giram 280 ke nan a rana. Ko da an rage lissafin saboda jikin ɓera ya fi saurin sarrafa magani, ana maganar giram 45 ne. Ba mai iya cin wannan. Akwai gwaje-gwajen da suka yi amfani da ƙasa da haka nesa ba kusa ba kuma suka ga canji, shi ya sa ban ce a yi watsi da batun ba. Amma su ma ɓeraye ne 'yan kaɗan, na ɗan lokaci. Sannan abin da aka ba su ba kwaɗon zogale ba ne, tatacce ne da aka fitar da sinadarin ɗakin gwaji aka kafe shi. Ƙari a kan haka, gwajin da bai nuna komai ba ba kasafai ake buga shi ba, don haka abin da ke isowa gare mu masu daɗin ji ne kawai.

To an taɓa gwadawa a jikin mutane?

Ba a ɗura wa mutum sinadari don a ga ko citta za ta cece shi, doka ba ta yarda ba. Abin da aka gwada shi ne ba maza antioksidan a ga ko maniyyinsu ko haihuwarsu za ta gyaru. A nan ne labarin ya sha bamban da na ɓeraye.

A 2020 an fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka. A ɗaya, maza 174 masu matsalar maniyyi aka raba biyu: rabi suka sha haɗin bitamin C da E da zinc da seleniyam da laikofin, wato jan sinadarin tumatir, da wasu, rabi suka sha ƙwayar da ba komai a cikinta. Ba a ga bambanci ba. A ɗayan, ma'aurata 2,370 ne, mazan suka sha zinc da folik asid wata shida. Yawan haihuwa bai ƙaru ba, tsinkewar ƙwayar gado ma ta ɗan fi yawa a wajen masu shan maganin. A 2022 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 90 da suka ƙunshi maza sama da 10,000, ta ce mai yiwuwa akwai ɗan amfani, amma hujjar tana da rauni ƙwarai.

Inda aka ga haske shi ne wajen abinci. A Sifaniya, a 2018, an ba samari masu lafiya giram 60 na 'ya'yan itace masu mai, irin su almon da gyaɗar Turawa, kullum har mako 14, aka ga yawan maniyyinsu da motsinsa sun ƙaru. A Sheffield ta Ingila, a 2019, an ba maza kimanin 60 sinadarin jan tumatir mako 12, siffar maniyyi da saurinsa suka gyaru. A Iran, a 2014, wani ƙaramin gwaji da man habbatus sauda na wata biyu ya nuna ƙaruwar maniyyi. Duka ukun ƙanana ne, kuma maniyyi suka auna, ba ciki ko haihuwa ba. Tazarar da ke tsakanin takardar gwaji mai kyau da ranar suna tana da faɗi.

Ke nan in bar zogale?

A'a, ci abinka. Ganyen zogale yana da bitamin C da sinadaran kariya irin su karotin da kwasetin, ga arha. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauke shi matsayin makarin guba, mutum ya sha lemon kwalba uku ya bi da cokalin garin zogale ya ce an yi canjaras.

Yadda ake sarrafa shi ma yana da tasiri. Ganyen da aka shanya a inuwa ya fi wanda aka baza a rana riƙe amfaninsa. Wanda aka tafasa har ruwan ya yi kore aka zubar, bitamin C ɗinsa ya bi ruwan. Tumatir kuwa akasin haka ne, jan sinadarinsa ya fi shiga jiki idan an dafa shi da mai, wato miyar dage-dage ta fi ɗanyen tumatir a wannan fanni. Garin kuka na kwalba da nono, gwaiba, lemon zaƙi, mangwaro a lokacinsa, albasa, karas, alayyahu, rama, riɗi, aya da dabino, duk suna cikin sahu. Gyaɗa ma haka, da sharaɗi ɗaya: a tsince wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar. Gubar aflatoksin da ke cikinta tana cin hanta, kuma wani bincike a birnin Benin a 1994 ya fi samun ta a maniyyin maza marasa haihuwa fiye da na masu haihuwa.

Ai duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa, ko?

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace haɗari. A ƙasar Sin an lura cewa ƙauyukan da ke girki da ɗanyen man angurya haihuwa ta ragu a cikinsu. Da aka bincika sai aka gano sinadarin gosifol, wanda dangin waɗannan sinadaran kariya na tsirrai ne. A shekarun 1970 an ba dubban maza shi a matsayin maganin hana haihuwa, ya kuma yi aiki. An dakatar ne saboda yana rage sinadarin fotashiyam a jini, wasu mazan kuma maniyyinsu bai dawo ba har abada. 'Ya'yan gwanda da man darbejiya su ma an yi binciken hana haihuwa da su a Indiya, don suna rage maniyyi a jikin dabbobi. Amma za ka ga ana tallan garin 'ya'yan gwanda a matsayin mai wanke ciki, maza suna sha.

Zoɓo fa?

Kofi ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, yana ma taimakawa wajen rage hawan jini kaɗan. Wani bincike da aka yi a Najeriya a 2004 ya ga maniyyin ɓeraye ya ragu bayan an daɗe ana ba su mai kauri ƙwarai, don haka ba abin mayarwa ruwan sha ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne na sayarwa. Ka tsaya inda ake haɗa shi da yawa ka gani: bayan an tace, sai a yage ledar garin lemo mai kala a juye, a ɗiga filebo daga 'yar kwalba, a ƙara sinadarin zaƙi don sukari ya yi tsada, a ɗura a gorar da aka tsinto aka ɗauraye. Wanda ya sayi wannan don gudun lemon kwalba bai gudu ko'ina ba. Na gida, da citta da kanumfari da ɓawon abarba da sukari kaɗan, shi ne zoɓo.

Idan na sayi ƙwayoyin bitamin na sha da yawa, akwai illa?

Akwai. Wani babban gwaji a Amurka ya nuna a 2011 cewa mazan da suka daɗe suna shan bitamin E mai yawa sun fi kamuwa da sankarar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin ɗari. A Finland, a 1994, ƙwayar karotin ta ƙara sankarar huhu a tsakanin masu shan sigari. An kuma samu mutanen da hantarsu ta kumbura saboda ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi, a Italiya da Amurka. Ba a ga irin wannan ga masu cin karas ko masu sa kurkum a shinkafa ba.

Wani abin lura kuma, bitamin C idan ya haɗu da benzowet a cikin lemo, musamman a wuri mai zafi da haske, yana iya haifar da ɗan benzin, sinadari mai jawo sankara. A kan wannan ne wata kotu a Legas ta umarci NAFDAC a 2017 da ta sa a rubuta gargaɗi a jikin wasu lemukan kwalba.

Ni uwargida ce. Maigida ya ce in daina sa magi, yara kuma sun ƙi cin abincin. Ya zan yi?

Ki rage a hankali, baki yana sabawa cikin 'yan makonni. Inda kike sa huɗu ki koma biyu, ki cike gurbin da daddawa, da garin busasshen kifi ko kirafish, da albasa da aka soya ta yi ja, da tumatir da ya nuna. Kada ki haɗa dunƙule da farin magi da garin ɗanɗano a tukunya ɗaya, abu ɗaya kike maimaitawa sau uku. Babban dalilin ragewar ma gishiri ne. Kusan rabin dunƙule gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mutum ya wuce giram 5 a rana. Hawan jini da ciwon sukari suna lalata jijiyoyin gaban namiji, wannan kam tabbatacce ne a jikin mutane.

Wanne ya fi cancanta a ji tsoronsa a kasuwa?

Wanda doka ta hana amma ake sawa a ɓoye. Sinadarin buromet da ke sa burodi ya kumbura ya yi laushi yana jawo sankarar ƙoda a jikin dabbobi, NAFDAC ta hana shi tun zamanin tsohuwar shugabarta Dora Akunyili, amma masu bincike a jami'o'i suna ci gaba da samun sa a burodin wasu gidajen. Haka rinin da ake zuba wa manja don ya yi ja wur, da kabaid na nunar da ayaba da mangwaro, da maganin ƙwari da ake yayyafa wa wake a buhu. Waɗannan ba su da ma'aunin da aka yarda da shi, mai sawa da ido yake aunawa.

Ba ni da matsala wajen kwanciyar aure. Ai maniyyina lafiya lau ke nan?

Ba lallai ba. Ƙarfin gaba daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Mutum yana iya zama da cikakken kuzari, ruwan ya fito da kauri, amma a duba a ga babu ƙwaya ko ɗaya. Kauri ko tsinkewar maniyyi a ido ba ya nuna komai. Magungunan ƙarfin maza da ake sayarwa a bayan mota ba sa ƙara ƙwaya, wasu ma an gano an cusa musu maganin asibiti a ɓoye, abin da ke da haɗari ga mai ciwon zuciya. Allurar sinadarin maza ta testosteron kuwa, wadda wasu samari masu ɗaga ƙarfe ke yi, tana tsayar da ƙera maniyyi.

A kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai hannun matsalar namiji. Abubuwan da aka tabbatar suna jawo ta su ne kumburin jijiyoyin maraina, ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, hangum da ya sauka maraina bayan balaga, tsargiya, sigari da shisha, tiramadol, ƙiba, da zafi, domin maraina suna buƙatar sanyin da ya kai digiri 2 zuwa 3 ƙasa da na jiki. Direban babbar mota da mai aiki a bakin tanda su lura da wannan. Namijin da ke da ɗaya daga cikin waɗannan amma ya tasa tukunyar matarsa a gaba, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Yaushe ya kamata in je gwaji, kuma yaya ake yi?

Idan an shekara ana tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ba a samu rabo ba, ku je ku biyu. Idan matar ta haura shekara 35, wata shida ya isa. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da arha, shi ya sa ya dace a fara da shi. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7. Za a ba ka 'yar roba mai murfi, ka tara duka a ciki, ba a cikin kwaroron roba ba domin yana kashe ƙwayoyin. Idan a gida ka tara, ka sa robar a aljihun da ke manne da jiki, kada ta yi sanyi kada kuma rana ta buge ta, ka kai cikin awa ɗaya. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana sa ran ganin aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowane mililita, kashi 42 cikin ɗari suna motsi, kashi 4 masu cikakkiyar siffa. Wanda ya gaza haka ba a yanke masa hukunci da gwaji ɗaya, ana maimaitawa.

Idan na gyara cimata na bar sigari, yaushe zan ga canji?

Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kwana 70 da 'yan kai kafin ta kammala a cikin maraina, sannan ta ƙara kusan mako biyu a bututun da take ƙosawa. Don haka sai bayan wata uku ake sake gwaji. Zazzaɓi mai zafi ma yana iya rage maniyyi na tsawon wannan lokaci, saboda haka idan ka yi maleriya ko taifot a watannin da suka gabaci gwajin, ka sanar da likita kafin ya fassara takardar.